Tabon da ke Gefen Goshin Narelle

Shagon gyaran fata da Kirra take aiki a Southport, a jihar Queensland ta Ostireliya, sunan Faransanci gare shi, kuma ko mai shagon ba ta taɓa faɗarsa sau biyu iri ɗaya ba. Ita kanta Desley aka raɗa mata a wani ƙauyen manoman rake can arewa, amma tun ranar da ta sayi farar riga irin ta likitoci ta koma Delphine. Babu likita a shagon. Fararen riguna huɗu ne, da takardun shaida a bango, da ruwan sha da ake jefa wa yankakken kokwamba don kar a ce ruwa ne kawai.

Aikin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Mace za ta kwanta, a shafa mata man kashe zafi, a jira ya kama, sannan a ɗauko wani abu kamar alƙalami mai ƙananan allurai a baki, a bi fuskar da shi ana hudawa har ta yi jajir tana tsattsafo da jini. Wai idan fata ta ji rauni sai ta farka ta gyara kanta. Akwai kuma na'urar haske mai ƙona baƙaƙen tabban da rana ta bari: tabo ya ƙara baƙi kwana biyu, ya yi ɓawo, ya faɗi. Matan garin sun kwashe ƙuruciyarsu suna gasa kansu a bakin teku da man kwakwa, yanzu kuma suna zuwa a huda su a ƙona su don a goge shaida. Delphine takan ce kowace fata tana da tata tafiyar. Kirra ta shekara uku tana raka fatu wannan tafiya, hannunta kuma ya faɗa, har mata kan nemi ita da suna.

Narelle Pascoe ta shigo wata Talata da hantsi, sanye da rigar aikinta mai ruwan ɗorawa. Shekara ashirin da biyu tana tsallakar da yaran firamare titi a Nerang, safe da yamma, da allonta na tsayar da motoci, rana tana dukan ta. Ƙawar mahaifiyar Kirra ce tun suna 'yan mata. Ita ta koya wa Kirra iyo, ita kuma ta riƙe ta ranar da aka binne uwar. 'Yarta Shanae za ta yi aure nan da mako bakwai, farkon Disamba, a wani lambu mai kallon teku, kuma dangin ango 'yan Sydney ne. Uwar angon ta girmi Narelle da shekara shida amma goshinta ba ya motsi, ya sha allurar hana tamoji.

“Matar nan ko dariya ta yi sai ta gaya miki ta yi, don fuskar ba ta nunawa,” in ji Narelle. “Ni kuwa a gefenta kamar tsohuwar jakar da aka manta a bayan mota. Ki yi min abin da kike yi wa mutane, 'yar nan.”

Kafin a kai ta ga Kirra sai da ta bi ta hannun Delphine. Aka sa kanta cikin akwatin hoto mai shuɗin haske, wanda ke fito da kowace mace kamar ayabar da ta nuna ta wuce. Delphine ta kalli hoton, ta yi ajiyar zuciyar da take yi wa kowa, ta ce an zo a kan gaɓa. Ta tsara mata allura sau biyu da haske sau ɗaya. Sai fom, shafi biyu. A layi na goma sha bakwai ana tambaya ko likita ya duba tabban fatar mutum cikin shekarar nan. Kowa e yake sa wa alama, ba tare da ya karanta ba. Narelle ta sa tata tana ba da labarin kek ɗin biki.

A ɗakin aiki Kirra ta ɗaure mata gashi baya ta fara goge hoda. A gefen goshi na hagu, inda Narelle ke sauko da gashi ya rufe, hodar ta yi kauri kamar an yaɓa. Da ta goge sai ga wani tabo. Girmansa bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Sauran tabban fuskar duk launi ɗaya ne, a shimfiɗe, a zagaye. Wannan kuwa gefe ɗaya baƙi ƙirin, gefe ɗaya launin shayi, tsakiyar ja-ja, bakinsa kamar an yagi takarda, ya kuma ɗan tasa. Kirra ba ta yi karatun likita ba, amma duk wanda ya tashi a Queensland ya san hoton nan. Yana bangon kowane kantin magani, a takardar gargaɗin ciwon dajin fata.

Ta tambaye ta tun yaushe yake nan. Narelle ta ce tun bikin Ista, wajen Afrilu, ko kafin nan, waye yake ƙirgawa. Ta tambaya ko likita ya gani, sai Narelle ta ce ai ta sa alama a takardarsu, ko karatun ne ba a koya musu a nan?

Kirra ta yi aikinta. Ta bi kumatu da haɓa da goshi, ta kewaye wurin da tazarar yatsa biyu, yadda ake kewaye rami a hanya. Da ta gama, tana shafa mata mai sanyi, ta ce, “Anti, wannan ba zan taɓa shi ba sai likita ya gani.”

“To likita, na ji,” in ji Narelle, idonta a rufe.

Da rana Kirra ta sami Delphine a ofis tana cin ganye a roba. Ta gaya mata abin da ta gani. Delphine ta jawo fom ɗin, ta sa jan farcenta a layi na goma sha bakwai, ta ce matar babba ce, ta karanta, ta sa hannu. Ta ce su ba likitoci ba ne, ba hurumin su ba ne su tsorata mutane da abin da ba su da ilimi a kai. Kirra ta kalli farar rigar. Shekara uku tana ganin ta, yau ne karon farko da ta ji mai ita ta ce ita ba likita ba ce.

Da ta fito ta buga wa asibitin masu duba fata da ke Nerang, ta kama wa Narelle layi ranar Juma'a, ta tura mata saƙo da lokaci da adireshi. Narelle ta mayar mata da hoton babban yatsa a ɗage. Ba ta je ba.

Bayan mako uku ta dawo allura ta biyu, da buhun lemon tsami daga bishiyar gidanta. Fuskar ta yi kyau, wannan kam ba ƙarya. Tabon ma yana nan, ya ƙara tashi, da ɗan busasshen jini a gefe. Kirra ta rufe ƙofa, ba ta ko buɗe man kashe zafin ba. Ta ce ta san Narelle ba ta je ba, don asibitin sun kira ta sun gaya mata.

“Anti, abin nan kama da ciwon daji yake yi. Ban ce shi ne ba, amma kama yake yi.”

Narelle ta tashi zaune a kan gadon, tawul a ƙirjinta. Ba ta firgita ba, Kirra kuma firgitar take jira.

“Ke kina tsammanin ban sani ba?” ta ce. “Na ga na babana. Na ga na Glenys da muke tsallakar da yara tare. Na Col kuwa ni na dinga wanke shi.”

Col mijinta ne, shekara talatin yana rufin kwano a saman gidajen mutane. An yanke masa rabin kunne saura mako biyu auren ɗansu Brodie, aka yanko fata daga wuyansa aka liƙa. Duk hotunan bikin nan Col yana can ƙarshen layi a karkace, yana ɓoye bandeji, kuma duk wanda ya zo gaisuwa kunnen yake tambaya, ba amarya ba. Har yau Col yana wasa da abin, wai kunne ɗaya da rabi ya ishe shi jin faɗan Narelle.

“Idan na je yau, jibi sun yanka,” ta ce. “Kuma ba tabon kaɗai suke cirewa ba, sai sun haɗa da na kewaye, su ja fatar su ɗinke har girata ta koma sama. Daga nan su ce bari a duba wuya. Daga nan Shanae ta daina maganar furanni ta koma maganata. Bayan biki zan je, mako huɗu nake nema, 'yar nan. Tun Ista yana nan bai kashe ni ba.”

Kirra ta ce to a bar shi yadda yake. Ita da kanta za ta yi mata kwalliya ranar, ta rufe shi ruf, ba mai gani. Narelle ta yi dariya ta ce a Disamba, tsakiyar zafin ƙasar nan, a lambu, da ƙarfe uku na rana? Hodar za ta narke kafin a kai ga zobe. Ga shi uwar ango ta riga ta ɗauko mai gyaran gashi daga Sydney, kowa gashinsa sama za a ɗaure. Ta gyara tawul. Sannan ta ce gaskiyar magana, kullum da safe shi take fara gani a madubi, kuma tana so ta tashi ranar auren 'yarta ba ta gan shi ba.

Kirra ta yi mata bayani a hankali, kamar yadda ita ma ta karanta. Hasken launi kawai yake ƙonawa, na sama. In akwai saiwa a ƙasa tana nan tana tafiya. Kuma likita da ido yake gane shi, da launin da bakin da girman. In an ƙona, ko ta je bayan biki ba abin da zai gani.

“Ai abin da nake so ke nan,” in ji Narelle. “A duba a ga ba komai.”

Kirra ta ce ita dai ba za ta kunna masa haske ba, ko za a kore ta. Narelle ta ce ba ta ce dole ba. Abu ɗaya ta roƙa, kar Shanae ta ji, kar Col ya ji. Ta ce uwar Kirra ba ta haifi mai kai ƙara ba. A garin nan tun daga firamare babu zagin da ya kai a ce kai mai kai ƙara ne, kuma Narelle ta san inda ta taɓa. Ta koma ta kwanta. Kirra ta shafa man, ta jira ya kama, ta sake kewaye wurin.

An rubuta hasken ranar Alhamis mai zuwa, da sunan Kirra a gefe. Ranar Laraba kuma da yamma za su haɗu wajen tela, don Kirra tana cikin ƙawayen amarya. Ta yanke cewa a nan za ta ja Shanae gefe ta gaya mata, Narelle ta tsane ta in ta ga dama. Asabar da Lahadi ta yi su tana tsara maganar, a wanka, a mota, a layin kanti. Ta sami kalmomin da ba za su sa Shanae ta faɗi ba. Litinin ranar hutunta ce, ta wanke kaya ta shanya.

Talata da safe ta buɗe littafin aiki ta ga an soke Alhamis. An yi wa Narelle hasken jiya, ba ta nan. Delphine ta ce matar ce ta kira ta nemi a canza mata hannu, kuma haƙƙinta ne. Ta ce aikin ya yi kyau ƙwarai, tabon ya sha haske fiye da sauran, sau uku ta bi ta kansa.

Ranar Laraba Shanae tana tsaye a kan ɗan benci, tela tana durƙushe da allurai a baki, Narelle tana zaune da faffaɗar hula. Fuskarta cike da ƙananan ɓawo kamar an watsa mata garin kofi, na gefen goshin ya fi kowanne girma. Shanae tana tsokanar ta, wai Mama ta je an gasa ta don ta burge surukai. Narelle ta ɗago ta kalli Kirra ta ƙarƙashin hular, kallo ɗaya. Kirra ta yi lissafinta a tsaye: an riga an ƙona, mako uku ba zai ƙara komai ba, bayan biki ita da kanta za ta kai ta. Ta ce wa Shanae rigar ta yi mata kyau.

Biki ya yi. An yi zafi har uban ango ya cire kwat. Narelle ta fito da gashi a sama, gefen goshinta fes, sai wani ɗan fari-fari da sai ka san wurin za ka gani. Ta yi rawa da Col, ta yi kuka, ta ci jatan lande faranti biyu. Uwar ango ta tambaye ta wa yake yi mata fata.

A Janairu kuwa Narelle ta cika alkawari. Ta je asibitin da kanta, ba ta bari Kirra ta raka ta ba, ta fito ta kira ta daga wurin ajiye motoci. Likita ya duba ta da gilashinsa tun daga tafin ƙafa har fatar kai, ya daskarar da wasu ƙananan tabo biyu a bayan hannu, ya ce ta dawo baɗi. Kirra ta tambaya ko ta gaya masa akwai wani abu a gefen goshi da aka ƙona.

“Ya tambaye ni ne?” in ji Narelle. “Mutum ya yi shekara goma yana karatu, ya duba ya ce lafiya, ke da allurarki za ki ce a'a?”

Kirra ta so ta ce a'a. Ta kuma so ta yarda, yardar kuma ta fi sauƙi. Wataƙila dama tabon rana ne mai mummunar kama, ai akwai su. Ta gaya wa kanta haka sau da yawa har ya zauna. Lemon tsami ya ci gaba da zuwa. Wata biyu, uku, ta daina kallon gefen goshin Narelle idan sun haɗu.

A watan Mayu, ranar iyaye mata, Shanae ta saya wa uwarta katin kyauta na shagon, tausar fuska ta awa ɗaya, ba allura ba haske. Narelle ta zo bayan kwana goma. Ta ɗan faɗa, ta ce sanyi ne ya hana ta cin abinci. Ta kwanta tana labarin gidan da su Shanae suka kama a Brisbane, ɗaki biyu ba wurin shanya. Kirra ta ɗumama mai a tafin hannu, ta fara daga haɓa tana hawa ta muƙamuƙi, yatsu huɗu kowane gefe, yadda ta yi wa fuskoki dubu. Hannun dama ya wuce sumul. Na hagu ya tsaya a ƙasan kunne. Wani abu ne a nan mai tauri, kamar tsakuwa a ƙarƙashin shimfiɗa. Ta ɗan danna. Bai motsa ba. Ta sake bi, ta sami na biyu a ƙasa da shi, ƙarami.

Narelle ta daina magana. Kiɗan ruwa da tsuntsaye da Delphine ke sawa a kowane ɗaki yana ta yi.

“Akwai zafi, Anti?”

“Babu.”

Narelle ta ɗaga hannunta daga ƙarƙashin tawul ta ɗora yatsa a wurin, kai tsaye, ba ta lalube ba. Ta ce mako biyar ke nan. Da farko ta ce haƙori ne, ta je an duba haƙoran, lafiyarsu ƙalau. Ta ce ba katin Shanae ne ya kawo ta ba, so take wani ya taɓa ya ce mata ba komai ba ne, kuma ta san hannun Kirra ba ya ƙarya, shi ya sa ta yi kwana goma tana ɗagawa.

Kirra ba ta ce ba komai ba ne. Ta tsaya da hannu biyu a sama, mai yana sauka ta gwiwar hannunta. Ta ce za su je yau, yanzu, kuma wannan karon ita za ta yi magana, za ta gaya wa likitan girman abin da launinsa da ranar da aka ƙona, da wadda ta gani tun Oktoba ta yi shiru.

Narelle ta ce ba asibiti za a fara zuwa ba. Col yana gida, yana gyara injin yankan ciyawa, bai san komai ba tun daga farko. Ta ce ta shekara talatin da huɗu da shi ba ta taɓa ɓoye masa abu ba sai wannan, kuma ba ta san ta inda za ta fara ba.

“Ki zo ki tsaya a bakin ƙofa kawai, 'yar nan. Ba sai kin ce komai ba.”

Kirra ta goge hannu, ta cire farar rigar ta rataye, ta ɗauki makullin motarta. Narelle ta sa takalmi, sau biyu tana kuskure igiyar. Ba su tsaya goge man fuskar ba.

Suka fito ta wurin jira. Delphine tana zaune da wata sabuwar mata mai jakar hannu mai tsada, ta buɗe mata fom a kan gwiwa. Ta ɗago ta kalli agogo, ta kalli Kirra ba riga, ta buɗe baki. Sabuwar matar ta riga ta. Ta bi Narelle da ido har ƙofa, fuskar tana ƙyalli da mai, sumul, ba tabo ko ɗaya.

“Abin da aka yi wa waccan,” ta ce wa Delphine, tana nuni da biro, “shi nake so a yi min.”